Muhawara: Shin Motar Lantarki Za Ta Riƙe Magidanci a Kano?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni yau makonni biyu ke nan. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, kuɗin fetur ya zama shi ne abin da ya fi cinye mini albashi bayan cefane, domin litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya ba har sai da muka saye ta sama da naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ina zaune a Rijiyar Zaki, ina aiki a wajen Bompai, kuma idan na haɗa da kai yara makaranta da ɗauko su, nakan yi kimanin kilomita 40 a rana. Wani dillali ya nuna mini motar lantarki, Nissan Leaf ƙirar 2015 da aka shigo da ita daga Amurka, ya ce in sayar da tawa in yi ciko in ɗauka. Na zaga unguwa da ita, kuma shirunta ya ba ni mamaki ƙwarai, har wani mai kurar ruwa ya ci gaba da tafiyarsa a tsakiyar layi domin bai ji tahowata ba sai da na danna ham. Abin da nake so in sani daga waɗanda suka mallaki irinta ko suka san aikinta shi ne, shin da gaske akwai sauƙi a cikinta, kuma yaya mutum zai yi da caji a garin da wuta take zuwa lokacin da ta ga dama?

Kawu Na Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, na shekara sama da talatin ina sayar da kayan gyaran mota, kuma shawarata a taƙaice ita ce ka riƙe motarka. Idan yau wani abu ya lalace a cikin Corolla, kafin azahar yaron bakanike ya zo kasuwa ya samo shi, sabo ko na Beljiyam, a farashin da za ka iya. Wannan da ake nuna maka kuwa, idan ta tsaya a titin Gwarzo, babu bakanike ɗaya cikin ɗari da zai yarda ya sa mata hannu, wanda ya yarda ɗin ma shi ya fi kamata ka ji tsoro. Ka kuma tambayi kanka wa zai saye ta daga hannunka ranar da buƙatar kuɗi ta taso, domin a wajen irinmu mota dukiya ce ta ajiya, ba abin hawa kaɗai ba.

Injiniya Mai Sola:
Maganar Kawu tana da nauyi kuma zan dawo kanta, amma bari mu fara da lissafi, domin a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Yunit ɗin da kake saye a mitar gidanka shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, kuma da shi ake auna batirin mota. Ƙaramar motar lantarki takan ci yunit 15 zuwa 18 a tafiyar kilomita 100, kuma idan aka ƙara abin da yake salwanta wajen caji da abin da na'urar sanyaya ɗaki take ja a zafin Kano, gara mu ɗauka yunit 20 ne. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato layukan da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a kowane yunit, daga baya aka sassauta shi ya dawo ɗan sama da naira 200. Idan muka ɗauki naira 210, tafiyar kilomita 100 za ta tsaya maka a kan naira 4,200. Motar fetur da take shan lita 10 a wannan tafiyar cikin gari, idan muka sa lita a kan naira 900, za ta ci naira 9,000. Ka ga ke nan ko a wuta mafi tsada ragin ya haura rabi.

Sai dai akwai lissafi na biyu da dillalai ba sa yi wa mai saye. Ƙaramin janareton fetur irin na gidajenmu, a gwajin da na sha yi, ba ya ba da fiye da yunit 2 ko ɗan sama da haka daga lita guda. Yunit 20 ɗin nan ke nan za su buƙaci kusan lita 10, wato daidai abin da tsohuwar motarka take sha, ga ƙara, ga hayaƙi, ga juyen baƙin mai na janareton a kai. Saboda haka kafin mu yi maganar motar, Baban Ummi, ka gaya mana a wane rukuni layinku yake, awa nawa kuke samun wuta a zahiri ba a takarda ba, kuma da rana take zuwa ko da dare.

Baban Ummi:
Na gode, Injiniya. A takardar kamfani muna rukunin C, wanda aka ce awa 12 ne a rana, amma abin da muke gani bai wuce awa 6 zuwa 8 ba, kuma yawanci daga tsakar dare zuwa asuba ne. Ina da ƙaramar sola da take riƙe mana fitilu da fanka da firij, faranti huɗu da inbata ɗaya.

Injiniya Mai Sola:
To, abin da mutane suke kuka da shi a wajenka ya zama alheri, domin wutar tsakar dare ita ce wutar mai motar lantarki. Kilomita 40 ɗinka ba su wuce yunit 8 ba. Cajar da ake sawa a soket ɗin gida tana jan kimanin kilowat 2.3, saboda haka awa uku da rabi zuwa huɗu sun isa su mayar maka da abin da ka ƙona a yini. Mutane suna jin an ce cika babban batir, kamar mai yunit 64 na Hyundai Kona, yana ɗaukar kusan awa 30 a soket, sai su tsorata, alhali babu wanda yake ƙarar da batirinsa kullum. Kamar randa ce, abin da aka ɗiba da rana shi ake mayarwa da dare. Solarka kuwa kada ka sa ta a lissafi, domin an auna ta ne da fitila da firij, kuma mota za ta shanye batirinta kafin ka gama sallar isha'i.

Maman Haidar:
Sallama gare ku. Ni a Abuja nake, kuma shekara ɗaya da wata huɗu ke nan ina tuƙa motar lantarki ƙirar ƙasar Sin, saboda haka zan faɗi abin da na gani da idona, mai daɗi da marar daɗi. Mai daɗin shi ne tun da na saye ta ban tsaya a layin gidan mai ba, ban yi juye ba, ban canja fulogi ko matatar mai ba, kuma har yanzu birkin da ta zo da shi ne a jikinta, domin da zarar na ɗaga ƙafa daga totur injin da kansa yake rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. A cunkoson Nyanya da Mararaba, inda motar fetur take ƙona mai tana tsaye, tawa kusan ba ta cin komai sai abin da sanyi yake ja.

Marar daɗin ya fara ne tun a makon farko. Na sa cajar a soket ɗin da yake bakin gareji, wanda muke sa injin ban ruwan fulawa, na je na kwanta. Wajen ƙarfe biyu na dare mai gadi ya buga ƙofa ya ce yana jin ƙaurin roba. Da muka haska da tocila sai muka tarar fuskar soket ɗin ta yi baƙi ta narke, kan cajar ya manne a ciki sai da aka sa filaya aka zaro shi, kuma bangon wajen ya yi zafin da ba a iya dafa shi. Allah ne ya kiyaye. Mai gyaran wuta da ya zo da safe ya buɗe bangon ya nuna mini wayar da magina suka sa, siririya ce wadda ta dace da fitila, kuma an yi mata haɗi biyu an naɗe da salatif. Ya ce dutsen guga yana jan wuta mai yawa amma yana hutawa, ita kuwa mota tana ja ne awa biyar ko shida babu tsayawa, kuma duk inda haɗi ya yi sako-sako nan zafi zai taru. Sai da aka ja mata waya mai kauri ita kaɗai tun daga allon rarraba wuta, aka sa mata makashinta daban, aka kuma binne sabon ƙarfen ƙasa, domin cajar takan ƙi aiki gaba ɗaya idan ba ta ji wayar ƙasa mai kyau ba. Wannan kuɗi ne da ban sa a lissafina ba lokacin saye, kuma ina ba Baban Ummi shawara ya sa shi tun yanzu.

Abu na biyu shi ne taya. Motar ta fi takwararta ta fetur nauyi saboda batir, kuma tana fizga da ƙarfi daga tsaye, saboda haka tayoyin gaba sun cinye da wuri fiye da yadda na saba.

Kawu Na Ƙofar Ruwa:
Hajiya, Allah ya ƙara kiyayewa. Amma ki lura ke a Abuja kike, kuma na tabbata akwai wata motar a gidan. Shi wannan bawan Allah mota ɗaya gare shi, ita ce ta makaranta, ita ce ta asibiti idan ciwo ya tashi da dare, ita ce ta zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauye. Ko mun manta watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da yake kawo mana wuta ta Makurɗi da Jos shi ma ya samu matsala, Kano da yawancin Arewa suka kwana sama da mako guda a cikin duhu? A waɗannan kwanaki mai fetur ya sayi galan a bakin titi ya yi tafiyarsa, ko da tsada. Mai lantarki fa, a wace jarka zai ɗebo wuta?

Maman Haidar:
Gaskiyarka, Kawu, akwai motar maigidan, kuma da ita muke zuwa Kano idan an yi hutu, domin tafiyar ta haura kilomita 400 kuma ban taɓa yarda in gwada ta da tawa ba. Ban ɓoye wannan ba. Abin da nake cewa shi ne tafiyar gida sau uku ce ko huɗu a shekara, zirga-zirgar cikin gari kuwa kullum ce, kuma a cikin garin ne kuɗin yake tafiya.

Malamin Sakkwato:
Ina so in ƙara bayani a kan wuraren caji na waje, domin akwai wanda aka kafa a garinmu. A 2021 hukumar NADDC mai kula da ƙira da bunƙasa masana'antar motoci, lokacin da Jelani Aliyu yake shugabantarta, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sannan ta yi irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka. Shi Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne, kuma shi ya zana fasalin motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, saboda haka ba baƙo ba ne a wannan fanni. A wannan lokacin ne kuma aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da kamfanin Stallion ya haɗa a Legas. A Maiduguri ma akwai Mustapha Gajibo da ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin bas zuwa masu lantarki, kuma gwamnatin Babagana Zulum ta sa motocin haya masu lantarki a titunan birnin. A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta sa motocin lantarki cikin kayan da aka ɗauke wa harajin VAT. Duk waɗannan alamu ne na inda aka dosa, amma tashoshin jami'a na gwaji ne da koyarwa, kuma magidanci ba zai gina zirga-zirgarsa a kansu ba.

Akwai kuma matsalar da ba a cika faɗa ba, wato bakin caji ba iri ɗaya ba ne. Motar da aka yi domin kasuwar Sin tana zuwa da bakin GB/T, ta Turai tana da Type 2 da CCS2, ta Amurka tana da J1772 da CCS1, Tesla tana da nata, ita kuwa Leaf bakinta na caji mai sauri CHAdeMO ne na Japan, wanda ko a Turai ana ta janyewa daga gare shi. Mu kuma da yake muna shigo da mota daga kowace kusurwa, duk waɗannan suna yawo a titunanmu. Mutum yana iya isa tashar caji a Abuja ko Legas, wuta tana nan, amma bakin bai shiga motarsa ba.

Maman Haidar:
Wannan ya faru da ni, Malam. Na je wata tasha a wata cibiyar kasuwanci da saura kashi 12 cikin ɗari a batir, na tarar bakin Turai ne, tawa kuwa ta Sin ce. Na koma gida a hankali, sanyi a kashe, gilashi a sauke, ina kallon lambar tana sauka. Tun daga ranar na sayi mahaɗi na ajiye a but.

Injiniya Mai Sola:
Yanzu bari in dawo kan ita wannan motar da aka nuna wa Baban Ummi, domin a nan nake ganin Kawu ya fi kusa da gaskiya, ko da yake dalilina daban ne da nasa. Leaf ta 2015 tana da batir mai yunit 24, kuma tana sabuwa hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna mata mil 84, wato kimanin kilomita 135. Babban abin lura shi ne batirinta ba shi da tsarin sanyaya na ruwa kamar yadda yawancin motocin lantarki na yanzu suke da shi, iskar waje ce kawai take ɗauke masa zafi. Tun a 2012 masu ita a jihar Arizona, wadda zafinta ya yi kama da namu, suka yi ta ƙorafin batirinsu yana raguwa da sauri, har kamfanin ya fito da garantin cewa zai gyara batirin da ya sauka ƙasa da layi 9 cikin shekara 5 ko mil 60,000. Ka kwatanta wannan da Kano a watan Afrilu, inda zafi yake haura digiri 40, motar tana yini a rana a bakin ofis, kwalta tana turara ta daga ƙasa inda batirin yake shimfiɗe.

Ga abin da za ka yi idan ka koma. A gefen dama na allon gaban direba, bayan manyan layukan da suke nuna yawan cajin da yake ciki, akwai wasu ƙananan layuka 12 a can bakin gefe, su ne suke nuna lafiyar batirin kansa, kuma ba sa dawowa idan sun ɓace. Ka ƙirga su da idonka. Sannan ka nemi wanda yake da na'urar OBD, wadda ake jona wa mota ta karanto bayanan kwamfutarta, da manhajar LeafSpy ta waya ya karanta maka ainihin kason da ya rage, domin ana iya goge ƙwaƙwalwar na'urar da take kula da batirin, layukan su dawo 12 na ɗan lokaci. Ka ɗauki lambar jikin motar ka bincika tarihinta, saboda yawancin abin da ake kawo mana daga Amurka daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya yake, kuma batirin da ruwan gishiri ya taɓa yana iya kamawa da wuta bayan makonni, kamar yadda aka gani a Florida bayan guguwar Ian a 2022. Na ƙarshe, ka juya cajar da ta zo da ita ka karanta abin da aka rubuta a bayanta. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kuma cajar tafi-da-gidanka ta tsofaffin Leaf na Amurka ta 120 ce kawai.

Kawu Na Ƙofar Ruwa:
Madalla, Injiniya, ashe dai muna hanya ɗaya. To ka gaya masa kuɗin batirin idan ya mutu, domin ni a sanina ya kusa kuɗin motar.

Injiniya Mai Sola:
A kan tsohuwar mota irin wannan, haka ne, Kawu, canjin batir yana iya kusantar darajar motar gaba ɗaya idan aka haɗa da dako da kwastan. Amma ba mu zama hanya ɗaya ba tukuna, domin kai kana hukunta dukkan motocin lantarki da laifin tsohuwar ƙira guda. Batir ba ya mutuwa dare ɗaya kamar na tocila, raguwa yake yi a hankali, kuma yawancin kamfanoni suna ba sabuwar mota garantin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000. Da yawa daga cikin motocin Sin na yanzu, irin na BYD, suna amfani da wani nau'in batir da ake kira LFP, wanda ya fi jure zafi da yawan caji, bai cika kamawa da wuta ba, kuma ana iya cika shi zuwa ɗari bisa ɗari ba tare da fargaba ba, saɓanin sauran da ake so a tsayar da su a kashi 80 a amfanin yau da kullum. Kayan gyaran da kake magana kuma, rabin abin da yake rumfarka wannan motar ba ta da shi: babu salansa, babu fulogi, babu famfon mai, babu bel ɗin taimin. Abin da titunanmu suke karyawa, wato ƙafafu da shokozoba da taya da gilashi, shi ne zai ci gaba da kawo maka ciniki.

Game da duhun Oktoba, amsar jarka ita ce rufin gida. Faranti 4 masu wat 550 za su ba da kimanin yunit 9 zuwa 10 a yini mai kyau a Kano, wanda ya ishi tafiyar Baban Ummi, in dai ana share musu ƙura lokacin hunturu. Matsalar ita ce lokacin da rana take bayarwa motar tana Bompai, saboda haka sai an ƙara batirin gida mai yunit 10 da inbata mai ƙarfi da za su ajiye wutar zuwa dare, kuma wannan miliyoyi ne daban.

Ɗan Maraɗi:
Ina bin muhawarar daga Nijar, kuma maganar rufin gida ita ta fi kama ni. Mu kafin juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 yawancin wutarmu daga Najeriya take zuwa, kuma bayansa aka yanke ta, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. Wanda ya ga waɗannan watanni ba zai sayi mota yana dogaro da waya kaɗai ba. A nan idan mutum ya tambaye ni, nakan ce ya fara sayen sola, idan ta zauna da gindinta sai ya yi tunanin mota.

Akanta:
Ku ba ni dama in ƙarasa lissafin da Injiniya ya fara, domin ya tsaya ne a kilomita 100. Kilomita 40 a rana, kwana 300 a shekara, ya ba mu kilomita 12,000. Ragin naira 4,800 a kowane kilomita 100 ya zama naira 576,000 a shekara, kuma idan aka ƙara kuɗin juye da ƙananan gyare-gyaren inji, mu ce ya doshi 700,000. Wutar rukunin C ta fi ta A arha, saboda haka ragin Baban Ummi zai ɗara haka. To sai a ɗora wannan a kan cikon da zai yi, da kuɗin waya da caja, da sola idan zai ƙara. Idan jimillar ta kai miliyan 7, ana maganar shekara 8 zuwa 10 kafin kuɗin ya dawo, a kan motar da ta riga ta shekara goma. Wanda lissafin yake yi wa kyau sosai shi ne mai yawan tafiya, kamar ɗan tasi ko mai adaidaita sahu da yake yin kilomita 150 a rana, domin shi ragin nasa ya ninka wannan kusan sau huɗu. Ƙasashen da ake ba da misali da su ma akwai dalili a bayansu: Norway, inda kusan mota 9 cikin 10 sababbi da aka sayar a 2024 masu lantarki ne, da Habasha, wadda ta hana shigo da motocin fetur na hawa a 2024, dukkansu suna da wutar madatsun ruwa mai arha.

Kawu Na Ƙofar Ruwa:
To tun da an zo maganar lissafi, ni ma ina da tayi. Me ya hana shi neman mai haɗin fetur da batir, irin Prius, wadda ba a sa ta a soket, ita take cajin kanta, tana shan kusan rabin man da tasa take sha, kuma akwai yaran da suka iya gyaran batirinta a garin nan? Ban ce lantarki ba za ta zo ba, Injiniya, ina da ido, na ga yadda babura da kekuna masu caji suka fara shigowa. Na ce ne kada magidanci mai mota ɗaya ya zama zakaran gwajin dafi.

Baban Ummi:
Jama'a, Allah ya saka da alheri, na dawo daga wajen dillalin yanzu. Na ƙirga ƙananan layukan kamar yadda Injiniya ya ce, guda 8 ne suka rage. Da na nuna masa sai ya ce ai caji ne bai cika ba, na ce masa waɗancan manyan su ne na caji, waɗannan na lafiyar batir ne, sai ya yi dariya ya tambaye ni wa ya koya mini. Na juya cajar, an rubuta 120 a bayanta ƙarara, kuma ya amsa cewa da taransifomar rage wuta suke cajin ta a wajen, tana kwana tana yini kafin ta cika. Da na nemi lambar jikin motar domin in bincika tarihinta, ya ce sai maigidansa ya dawo. Na yi masa godiya na fito. Wannan dai na haƙura da ita, amma ban haƙura da niyyar ba, domin bayanin Maman Haidar ya zauna mini, kuma zan duba tayin Kawu shi ma kafin in yanke hukunci.

Injiniya Mai Sola:
Ka yi daidai. Layi 8 yana nufin abin da ya rage bai wuce kashi 60 zuwa 66 cikin ɗari ba, wato kimanin kilomita 85 a takarda, kuma da sanyi a kunne a zafin bazara ba za ka ga 70 ba. Za ta kai ka Bompai ta dawo da kai bana, amma ko Zariya ba za ta kai ka ba, kuma baɗi sai abin da ya ragu. Kafin ka sake kallon wata motar, ina so a fara auna gidan: ƙarfin wutar da take shigowa, kaurin wayar da ta taso daga mita, da lafiyar wayar ƙasa. A unguwanni da yawa wutar takan faɗo ƙasa da bolt 180 idan kowa ya kunna kayansa, kuma caja da yawa suna yankewa a irin wannan yanayi, sai mutum ya tashi da asuba ya tarar motar ba ta sha komai ba.

Baban Ummi:
Na amince, Injiniya. Ko ranar Asabar da hantsi za ta yi maka? Sai in zo in ɗauke ka.

Injiniya Mai Sola:
Asabar ta yi, amma ba da hantsi ba, domin awon rana ba zai gaya mana komai ba tun da ba lokacin za ka riƙa caji ba. Zan zo bayan isha'i in ɗaura na'urar da take rubuta ƙarfin wutar da kanta, mu bar ta ta kwana uku a jikin allon, ranar Talata in zo in cire mu karanta. Ka ajiye mini rasit ɗin sayen yunit na wata uku da suka wuce, kuma ka sa a kawar da kayan da suke jingine a bangon garejin domin mu ga inda waya za ta bi.